Abin da ya same ni da na tambayi inda kuɗin ikkilisiya suka shiga

Ni 'yar mai bishara ce. A wani ƙauye na kudancin Kaduna aka haife ni, a gidan da ke jingine da majami'a. Albashin mahaifina bai taɓa kai mu ƙarshen wata ba, gonar citta ce ta riƙe mu. Baikon da ake yi a lokacin rabi kuɗi ne, rabi dawa da ƙwai. Ana tashi daga sujada dattawa za su baje shi a kan tebur a gaban kowa, a ƙirga, magatakarda ya rubuta, Lahadi mai zuwa a karanta wa jama'a. Na girma ina zaton haka ake yi ko'ina.

Aure ya kawo ni Legas a 2010. Maigidana direba ne a wani kamfanin dakon kaya a Apapa, ni kuma da diflomata ta akanta na samu aikin riƙe littafin kuɗi a wani shagon sarin magunguna. Muka kama ɗaki a wajen Agege.

Wanda bai zauna a Legas ba, da wuya ya gane abin da majami'ar Hausa take a wurinmu. A gida kana da dangi, da dagaci, da maƙwabtan da suka san kakanka. A nan ba ka da kowa sai ikkilisiya. Mutumin Kagoro da na Pankshin da na Kaltungo da na Biu da na Zuru, Hausa ce ta haɗa su a benci ɗaya. Yawancinmu masu gadi ne, da 'yan acaba, da direbobi, da ƙananan sojoji da 'yan sanda daga bariki, da mata masu saro tumatir da doya a Mile 12, da 'yan mata masu aikatau a gidajen Ikoyi da Lekki waɗanda sai ranar Lahadi ake barinsu su fito. Yaro ya sauka daga motar dare ba shi da wurin kwana, a majami'a zai kwana. Kamfanin gadi ya ce a kawo mai tsayawa, wasiƙar fasto za a kai. Za ka yi aure, ikkilisiya ce dangin ango. In kuwa ka mutu, kwamitin taimakon juna ne zai biya kuɗin ɗakin ajiye gawa, ya yi hayar mota, ya raka ka har ƙauyenku. Wannan na ƙarshen shi ne igiyar da ke wuyan kowannenmu, kuma shugabanni sun san haka.

A wata rumfar kwano ta haya muke sujada. A 2014 aka sayi fili can bayan gari, aka buɗe asusun gini. Kowace shekara sai an yi lancin, a raba ambulan, a rubuta alkawura. Mai gadi da albashinsa bai taka kara ya karya ba zai miƙe ya ce buhun siminti biyu. Akwai wata gwauruwa, tsohuwa mai suyar ƙosai a bakin tasha, ita kowane wata sai ta kawo kuɗin bulo. Shekara biyar ana haka, in ka je filin ba abin da za ka gani sai harsashi da ciyawa. Duk wanda ya tambaya, amsa ɗaya ce: omonile, wato masu cewa filin na kakanninsu ne, suna tatsar kuɗi daga masu gini. Kuma ba ƙarya ba ne akwai su. Duk mai gini a Legas ya san sai ka biya su kafin ka haƙa harsashi, ka biya ranar zuba kankare, ka biya ranar rufi. Abin ya yi yawa har gwamnatin jihar ta yi doka a kansu a 2016. Saboda haka ba wanda ya kawo komai a ransa.

A ƙarshen 2019 wasiƙa ta zo daga gunduma, wato majalisar da ke sama da ikkilisiyoyin yankinmu, cewa kowace ikkilisiya ta naɗa kwamitin binciken kuɗi. Dattawa suka zaɓi mu uku: wani tsohon soja, wani saurayi malamin makaranta, sai ni. Daga baya na ji dalilin da ya sa aka sa sunana. Wai 'yar mai bishara ce, shiru-shiru, ta san ladabi.

Da aka kawo littattafan, abin farko da na lura shi ne ba wanda ya san adadin baikon Lahadi sai mutum biyu. Ma'aji da wani dattijo su ke shiga ofis su rufe ƙofa su ƙirga, ma'aji ya tafi da kuɗin gida, ya kai banki ranar da ya ga dama. Abin da ke littafi daban, abin da ke takardar banki daban. Rasiɗan siminti daga shaguna dabam-dabam, amma rubutun hannu ɗaya. Rasiɗi biyu masu lamba a jere, tsakaninsu wata takwas, kamar shagon bai sayar wa kowa komai ba sai mu. An biya omonile sau da yawa, ba shaida, ba sa hannu. Wannan duk mai aikin akanta ya saba gani, bai ba ni mamaki sosai ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani layi da aka rubuta wa “karɓar baƙi”. Yawancin watanni ba komai a cikinsa, sai a wasu watanni ya kumbura ya fi kuɗin siminti. Na jera watannin a takarda. Sai na ga sun faɗo daidai lokacin da ake zaman canza wa fastoci wurin aiki, da lokacin zaɓen shugabannin gunduma.

A nan sai in yi wa na gida bayani. Faston ƙauye wani lokaci da hatsi ake cika masa albashi. Faston Legas yana da mota, da gidan da ikkilisiya ke biya, da kyaututtukan masu hali. Ba wanda aka kawo Legas da yake son a ɗauke shi. Namu ya wuce wa'adinsa da shekaru, amma duk lokacin da jerin canji ya fito sai a ga babu sunansa. Yana kuma neman kujera a gunduma, masu jefa ƙuri'a kuwa fastoci ne da wakilai, kowanne da kuɗin motarsa, kowanne da turmin atamfar matarsa. Wato kuɗin bulon tsohuwa mai ƙosai ba duka a cikin fastonmu suka tsaya ba. Sama suka hau. Zaɓen dattawanmu ma haka: kafin ranar zaɓe an gama shi a taron ƙungiyoyin gari, mutanen jihar fasto su ce namu ne, mutanen wata jiha su ce yanzu lokacinmu ne. Ba mai tambayar wa ke tsoron Allah.

Ba na so ku ɗauka mutumin nan dodo ne. Ranar da na yi ɓari shi ya fara isowa asibiti, da dare, cikin ruwan sama. Ya iya wa'azi. Ya sama wa samari da yawa aiki. Wannan ne ya sa abin ya yi mini nauyi, don da mugu ne a fili da ban sha wahalar yanke shawara ba.

Na bi yadda Matiyu 18 ya koyar, na je na same shi shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, akwai abin da ban gane ba a littafi. Na ce in zo ka fahimtar da ni kafin mu rubuta rahoto.”

Ya duba takardar da na jera watannin, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, “'Yata, ke yarinya ce a wannan aiki. Ba kowane abu ake rubutawa ba. In ban gaishe da na sama ba, gobe su turo muku wanda bai san Oshodi ba balle omonile. Don ku nake yi.”

Na ce, “To Baba, a gaya wa masu bayarwa. In sun yarda a yi gaisuwa da kuɗinsu, shi ke nan.”

Ya yi murmushi. Ya ce, “Yaya babanki? Ya kusa ritaya ko? Mutumin kirki. Takardunsa ta hannun mutanen nan za su bi, waɗanda kike so ki tona.”

Na fito ƙafafuna na rawa. Bayan kwana kaɗan Mama Fasto ta zo gidana da turmin leshi, ta ce mata sun daɗe suna cewa ni ce na dace da shugabancin zumuntar mata a zaɓe mai zuwa. Na gode mata, na ce leshin ya fi ƙarfina. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

Sai 2020 ta shigo da nata. Ranar 1 ga Fabrairu gwamnatin Legas ta hana acaba da keke a manyan sassan gari, samarinmu da yawa suka wayi gari ba sana'a. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas saboda korona, aka rufe majami'u. Masu aikatau aka sallami wasu, aka kulle wasu a gidajen iyayen gidansu. Mutane suna kiran dattawa suna neman ko mudun gari, ana ce musu asusu babu komai. Amma saƙo bai fasa zuwa a waya kowace Asabar ba, ana tuna wa masu bi su tura zakka da baiko, kuma lambar asusun da aka bayar ba ta ikkilisiya ba ce, ta ma'aji ce. Rahotonmu aka ce a jira annoba ta wuce. Ni ma, gaskiya, jiran ya yi mini daɗi.

Abin da ya hana ni ci gaba da jira daga gida ya zo. A watan Yuli na shekarar aka kai munanan hare-hare a ƙauyukan Zangon Kataf da Kaura, aka kashe mutane, aka ƙone gidaje, mata da yara suka cika sansanonin gudun hijira. Da aka buɗe majami'u a watan Agusta, aka yi baiko na musamman dominsu. Na ga mutanen da suka yi wata da watanni ba aiki suna kwance bakin zane. Wani ɗan acaba da aka ƙwace wa babur ya sayar da wayarsa ya kawo kuɗin. Aka sanar da jimilla daga kan mumbari, muka yi tafi. Ƙanwar mahaifiyata tana cikin masu dafa abinci a sansanin da aka ce an kai kayan. Na tambaye ta a waya me ya iso daga Legas. Ta lissafa mini buhunan masara da katan-katan na sabulu, ta ce an ɗauki hoto an tafi. Na yi lissafi da farashin kasuwa, ko da na ƙara kuɗin mota har da na shingayen hanya, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Zaɓen gunduma kuwa saura wata biyu.

A wannan watan na Agusta ne Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar kamfanoni, CAMA, wadda sashe na 839 nata ya ba hukumar rajistar kamfanoni damar dakatar da amintattun ƙungiya, har da na addini, a naɗa masu riƙo in an samu almundahana. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta ƙi amincewa, fastoci suka yi ta wa'azi a kai, namu ma ya yi makonni yana yi. Ni ma ban yarda gwamnati ta naɗa wa ikkilisiya shugaba ba, gwamnatin da ba ta iya lissafin nata kuɗin ba. Amma ina zaune ina ji, ina tambayar kaina: mun ce Kaisar kada ya leƙa littafinmu, to wa zai leƙa? An taɓa irin wannan a Janairun 2017, lokacin da ƙa'idar hukumar FRC, mai kula da rahoton kuɗi, ta sa wa shugabannin ƙungiyoyi wa'adin shekara 20. Cikin 'yan kwanaki aka dakatar da ƙa'idar, aka sallami shugaban hukumar. Mun iya korar mai bincike na waje. Na cikin gida ne ba mu tanada ba.

Taron ikkilisiya na shekara ya faɗo a farkon 2021. Aka kawo mana rahoto a buge, wai mu sa hannu kawai. Tsohon sojan ya sa. Ya ce mini, “Madam, na yi Laberiya na yi Saliyo, na gaji da yaƙi.” Malamin makarantar ma ya sa, aurensa saura wata uku kuma wasiƙar fasto yake jira. Ban ga laifinsa ba ko a lokacin.

Daren taron ni da maigidana ba mu yi barci ba. Ya ce, “Maman yara, kin san in mutanen nan suka juya mana baya ba mu da kowa a garin nan. Ƙanena a ɗakin majami'a yake kwana.” Na ce na sani. Ya ce, “Ban ce ki sa hannu a kan ƙarya ba. Amma ba sai kin yi magana ba. Ki ce ba ki da lafiya, ki zauna a gida.” Na yi ta juya wannan shawara, don hanya ce mai sauƙi kuma ba zunubi a fili. Abin da ya hana ni shi ne za a karanta sunana a cikin masu binciken ko ina nan ko ba na nan. Mai wayar nan da ya sayar zai ji an ce 'yar mai bishara ta duba, komai daidai, ya koma gida hankalinsa kwance. Da sunana za a rufe shi.

Magatakarda ya karanta, ya ce kwamitin bincike ya gamsu. Na ɗaga hannu. Murya na rawa na ce ni ban sa hannu ba, kuma ban gamsu ba. Ban kira kowa ɓarawo ba. Na faɗi abin da aka sanar an tara wa 'yan gudun hijira da abin da ya isa. Na ce a kawo takardar banki ta asusun gini a liƙa a bango kowa ya gani. Na tambayi su wane ne baƙin da muke karɓa da kuɗin da ya fi na siminti.

Wani dattijo ya miƙe ya ce, “A ina aka taɓa ganin mace ta tsaya tana tuhumar dattawa a gidan Ubangiji?” Wani ya ce an turo ni ne, 'yar CAMA ce. Ina ƙoƙarin amsawa sai wata daga cikin mawaƙa ta ɗauko waƙa, masu ganga suka karɓa, jama'a suka bi. Waƙar da nake so ce, tun ina yarinya nake rera ta. Da ita aka rufe mini baki. Na duba wajen mutanen da suka sha tare ni a hanya suna cewa “Mama, ki taimaka ki yi magana, kuɗinmu ne”, kowa ya sunkuyar da kai.

Lahadi biyu bayan haka aka karanta horona: rashin biyayya, raba kan ikkilisiya, da fitar da asirin majalisa. Bencin baya, ba Jibin Ubangiji, ba sa kayan zumunta, sai ranar da na karanta wasiƙar neman gafara a gaban jama'a. Wa'azin ranar a kan Kora da Datan da Abiram ne, waɗanda ƙasa ta haɗiye. Na mako na biye a kan Maryamu ne, wadda ta yi gunaguni a kan Musa ta kuturce. Muna tafiya gida 'yata ƙarama ta kama hannuna tana juya shi, ta ce, “Mama, yaushe naki zai fara?” Duk abin da aka yi mini, wannan ne har yau ban iya tunawa ba tare da ƙirjina ya yi zafi ba.

Matan da muka yi shekaru muna dafa abincin biki tare suka daina amsa gaisuwata da kyau. Aka fitar da ni daga adashi. Magana ta fara yawo cewa ina neman kujera ne, daga baya ta koma cewa akwai wani abu tsakanina da malamin makarantar. Aka ce ƙanen maigidana ya kwashe kayansa daga ɗakin majami'a. Hawan jini ya kama ni. Akwai lokacin da in na buɗe baki zan yi addu'a sai in ji kamar muryar fasto ce za ta amsa, sai in rufe. Wanda bai taɓa shiga ba ba zai gane ba: in mutumin da ya yi wa 'ya'yanka baftisma ya ce kana gaba da Allah, ko ka san ƙarya ne, wani ɓangare na zuciyarka sai ya yarda.

Mahaifina na ɓoye wa, amma labari ya riga ni isa. Ya kira ya ce, “Kin ɗauki kuɗin wani?” Na ce a'a, Baba. “Kin faɗi abin da ba haka ba?” Na ce a'a. Ya ce, “To ki ci gaba da zuwa sujada. Majami'ar ba ta ubansu ba ce.” Takardun ritayarsa sun daɗe fiye da na abokan aikinsa, bai taɓa ɗora mini ba.

A bencin bayan nan na koma karatun Littafi Mai Tsarki da idon mai riƙe littafin kuɗi. Ayar da ake jifan mu da ita, ta kada a taɓa shafaffu, a Zabura 105 take, kuma magana ce a kan kakannin Isra'ila suna yawo baƙi a ƙasashen mutane, Allah yana gargaɗin sarakuna a kansu. Baƙi marasa ƙarfi ake karewa daga masu iko. In akwai wanda ayar ta dace da shi a Legas, mai gadi ne. Bulus da kansa, da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauke ta shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8 ya ce ikkilisiyoyi sun zaɓi wanda zai raka su, don kada kowa ya sami abin zargi. Wani dattijo ya taɓa tare ni da 2 Sarakuna 12, inda aka ce ba a nemi lissafi daga masu aikin gyaran Haikali ba saboda amincinsu. Na ce masa, “Baba, a karanta daga sama.” Firistoci sun yi shekaru suna karɓar kuɗin gyara ba su gyara komai ba, har shekara ta 23 ta sarautar Yowash. Shi ya sa aka huda akwati aka ajiye kusa da bagade, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su ƙirga tare. Bai sake tare ni ba.

Na rubuta wa gunduma ƙara, da kwafin komai. Suka turo kwamiti. Ikkilisiyarmu ce ta biya musu masauki, a gidan fasto suka ci abinci, kuma kuɗin a layin “karɓar baƙi” aka rubuta. Hukuncinsu shi ne a yi sulhu, ni in durƙusa, Baba ya yafe. Littattafan ko buɗe su ba su yi ba. Wasu suka ce in kai EFCC, wasu suka ce in zuba komai a Facebook. Na yi tunani sosai. Na fasa, saboda na san yadda za a ɗauki maganar a gida, inda mutanenmu ke binne gawa kusan kowane mako, a ce ga irin Kiristocin. Amma ba na zargin wanda ya zaɓi ya kai. “A rufa wa juna asiri” ita ce kalmar da aka fi cin kuɗin talaka da ita a ikkilisiya.

Cikin damina ta shekarar tirela ta buge ƙanen maigidana a kan babur, ya rasu nan take. Abin da maigidana ya ji tsoro ya zo. Muka je wurin kwamitin taimakon juna, asusun da muka yi shekara goma muna zubawa. Aka ce gidanmu ba ya cikin cikakken zumunci, sai majalisa ta zauna, majalisa kuma ba za ta zauna ba sai ƙarshen wata. Gawa tana ɗakin ajiya, kuɗi na hawa kullum. Maigidana bai ce mini ga abin da kika jawo ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da dare aka ƙwanƙwasa ƙofa. Masu gadi ne da 'yan acaba, waɗannan da suka sunkuyar da kai a taro, da baƙar leda cike da ƙananan kuɗi. Babbansu ya ce, “Mama, ki yi haƙuri da mu. Ranar nan ba mu iya magana ba. Kada a ji mun zo.” Tsohuwa mai ƙosai ta aiko da nata a ƙulle. Maƙwabcinmu, wani Alhaji mai fataucin shanu a mayankar Oko-Oba, ya cika sauran, ya kuma samo mana direban da ya san hanya. Muka kai yaron gida muka binne shi. Da na ɗauki shirunsu a matsayin cin amana. Daren nan na ga abin da ke bayansa: mutumin da aikinsa, da wurin kwanansa, da gawarsa duk suna hannun mutum ɗaya, ba za ka ce ya miƙe a taro ba sai ka fara nuna masa cewa akwai wanda zai kai shi gida in an kore shi.

Su ma abin da suka gani ke nan. Sun ga an kai gawa gida ba da kwamiti ba. Ba wanda ya kira taro, ba wanda ya yi jawabi, amma daga wannan wata ambulan ɗin gini suka fara dawowa babu komai a ciki. Baiko ya ragu. Suka buɗe nasu asusun jana'iza, da littafi a hannun mutum uku. Kason da ikkilisiya ke aika wa gunduma ya faɗi, kuma wannan ne ya ta da na sama, ba ƙarata ba. A 2022 aka ɗauke fasto. Ba hukunta shi aka yi ba, babban matsayi aka ba shi, aka yi masa bikin bankwana da kyaututtuka. Ba a dawo da ko kwabo ba. Ma'ajin ya sauka, amma har yau dattijo ne.

Sabon faston matashi ne, daga wata ƙaramar ikkilisiya aka ɗauko shi. A watansa na farko ya ce a riƙa ƙirga baiko a gaban mutum huɗu da ake canzawa kowane wata, a kai banki ranar Litinin, a liƙa takardar banki a allon sanarwa. Ya ɗage horona da jimla ɗaya a cikin sanarwa, tsakanin ranar aikin gayya da taron matasa. Ba wanda ya nemi gafarata, kuma wasu matan har yanzu a ɗage suke gaishe ni. Na koma cin Jibin Ubangiji, wani lokaci daga hannun tsohon ma'ajin nake karɓa. Yafiya ina kan koyonta, ba zan ce na gama ba.

Jama'a sun ragu, don bayan hana acaba na Yunin 2022 samari da yawa sun koma gida ko sun tsallaka Ogun. Buhun simintin da bai kai naira 3,000 ba a 2019 ya haura 10,000 a wasu wurare a farkon 2024, saboda haka abin da aka ci a wancan lokaci ya ninka kansa a kanmu. Duk da haka gini ya kai linta.

Yanzu wata magana ce ta taso. Faston nan ba ya aika gaisuwa sama, layin “karɓar baƙi” ruwan leda ne da shinkafa kawai. Mun ji cewa sunansa yana cikin jerin canji tun wa'adinsa bai cika ba, kuma mun ji wanda ake so a kawo. Masu gadi sun ce in rubuta wasiƙa zuwa gunduma a madadin ikkilisiya, a bar mana shi ya cika shekarunsa. Na ce zan rubuta, amma ba sunana kaɗai zai hau ba, kowa sai ya sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa. Ya zuwa Lahadin da ta wuce mun cika shafi uku, har da tsohon sojan. Ranar Asabar za mu kai, mota biyu muka yi haya.